Tsofaffin Cocinan Novgorod: A Hannun Wa Ya Kamata Makulli Ya Zauna?

A shekarar 2014, masu haƙar kayan tarihi suna tono a ƙarƙashin daɓen cocin Waliyyi George da ke gidan 'yan zuhudu na Yuriev, a gefen birnin Novgorod na ƙasar Rasha, sai suka tarar da tulin ɓaraguzan yaɓe masu launi. Da aka kakkaɓe ƙasa sai ga ido a jikin wani gutsure, ga yatsa a wani, ga gefen riga a wani. Zanen bangon cocin ne na asali, na ƙarni na 12, domin a 1119 aka aza tubalin ginin. Babu wani maƙiyi da ya farfasa shi. Masu cocin ne da kansu suka sassaƙe shi a farkon ƙarni na 19, zamanin wani shugaban gidan mai suna Photius, wanda wata hamshaƙiyar mai kuɗi, Anna Orlova, ta buɗe wa bakin jaka don ya ƙawata wurin. Tsohon zane ya dushe, ba ya ɗaukar ido, sai aka kankare shi aka yi ciko da shi, aka zana sabo. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Da wannan labari nake so in shiga gardamar da ake yi a Rasha tun rugujewar Tarayyar Sobiyet: tsofaffin cocina, shin a miƙa su kacokan ga Cocin Otodoks, babbar ɗarikar Kiristocin ƙasar, ne, ko a bar su a hannun gidajen tarihi? Ni dai ina ganin akwai waɗanda bai kamata makullinsu ya bar hannun masu adana tarihi ba, kuma babu garin da ke nuna dalilin haka kamar Novgorod.

Birnin yana arewa maso yammacin Rasha, a bakin kogin Volkhov, daf da inda ya fito daga tafkin Ilmen. Gari ne na fatake. Ɗaruruwan shekaru yana cin gashin kansa, taron mutanen gari da ake kira veche ke naɗa sarki ya kuma sallame shi idan ya gaji da shi, har zuwa 1478 da Ivan na Uku na Mosko ya murƙushe shi, ya kwance ƙararrawar kiran taron ya tafi da ita. Wannan tarihi yana jikin gine-ginen. Babban cocin Sofiya, wanda aka gina tsakanin 1045 da 1050, aikin gidan sarauta ne, ɗan Sarki Yaroslav mai suna Vladimir ne ya sa aka yi shi. Amma ƙananan cocinan da suka warwatsu a unguwanni, da yawansu attajirai da 'yan kasuwa da mutanen layi ne suka haɗa kuɗi suka gina. Fatake masu safara zuwa ƙetare ne suka gina na Paraskeva a 1207, a tsakiyar kasuwa. A cocin Yohanna da ke kusa da shi, na ƙungiyar masu fataucin kakin zuma, a nan ake ajiye ma'aunin da kowa ya yarda da shi, a nan kuma ake sasanta rigimar ciniki. Wasu cocinan ma ƙasansu rumbun kaya ne, saboda garin na katako ne, gobara ba ta ɗaga masa ƙafa, ginin dutse kaɗai ke tsira. Ashe tun fil azal waɗannan gine-gine na ibada ne, kuma na gari ne.

Sai dai adalci ya sa a saurari ɓangaren Coci, domin kukansu ba na banza ba ne. Gwamnatin kwaminisanci ƙwace ta yi, ba saye ba. A 1929 aka rufe cocin Sofiya, aka mayar da shi gidan nune-nunen yaƙi da addini, wato a cikin ɗakin ibadarka ake koya wa 'ya'yanka cewa ibadar taka shirme ce. A Mosko kuwa a 1931 nakiya aka sa wa babban cocin Almasihu Mai Ceto. An kashe limaman coci da dama, an ɗaure wasu. Duk mai addini, ko wane iri ne, ya san zafin a ce wurin da kakanninsa suka yi sujada sai ya sayi tikiti kafin ya shiga. Don haka da aka mayar wa Coci ginin Sofiya a 1991, daidai aka yi. Da majalisa ta yi dokar 2010 da ta ba ƙungiyoyin addini damar neman a dawo musu da kadarorinsu da ke hannun gwamnati, manufar ba ta da laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba duk cocinan ne suka iso wannan zamani da ƙafarsu ba. Wasu a tire aka kawo su.

Daga Agustan 1941 zuwa Janairun 1944 Novgorod na hannun sojojin Jamus, kuma bakin daga ya tsaya cak a kan kogin, ta yadda cocinan da ke gabashin gari suka zauna tsakanin wuta biyu. Na Nereditsa, wanda aka gina a 1198 aka cika bangonsa da zane a 1199 daga ƙasa har ƙubba, luguden igwa ya zubar da fiye da rabinsa, kaɗan ne daga zanen ya tsira. Na Volotovo na 1352 da na Kovalyovo na 1345 suka koma tsibin ƙasa. Da yaƙi ya ƙare, abu mafi sauƙi shi ne a kawo mota a kwashe. Ba a yi haka ba. Daga 1965 wani mai gyaran zane, Alexander Grekov, da matarsa Valentina suka duƙufa a kan tsibin Kovalyovo, suna tankaɗe ƙasa, suna jera gutsattsarin yaɓe a faranta gwargwadon inda aka tsinci kowanne, suna gwada wannan da wancan ko bakinsu zai haɗu. Wani gutsuren bai kai farcen yatsa ba. A haka suka ƙarar da shekaru sama da talatin, har fuskoki suka sake fitowa daga cikin tarkace. A Volotovo, da aka zo sake ginin a farkon shekarun 2000 da tallafin kuɗin Jamus, gutsattsarin da aka tono sun haura miliyan ɗaya da rabi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Waɗannan mutane liƙa shi suka yi.

To, wanda ya yi wannan wahala, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta ƙaunar abin da ke jikin zanen, ashe bai sami haƙƙin a ji ta bakinsa ba kafin a kunna kyandir ɗari a gindin bangon?

Maganar ba ta raina ibada ba ce, maganar yaɓe ce. Irin wannan zane a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa ake yin sa, launin ya shige ciki yayin da yake bushewa. Maƙiyinsa laima da sauyin zafi. Ibadar Otodoks kuwa a tsaye ake yin ta, awa biyu ko uku, da kyandirori da turare, ga numfashin jama'a, ga ƙofa a buɗe a rufe cikin hunturun Rasha. Hayaƙi na kwantawa a bango, gumi na tsattsafowa, gishiri na fitowa daga cikin yaɓe yana ɓamɓaro launi. Cocin da ke layin Ilyina, na 1374, shi kaɗai ne a duniya ke ɗauke da zanen bango da aka tabbatar na fitaccen mai zane Theophanes Bagirke ne, wanda ya yi a 1378. Shi ma a ƙarni na 19 an shafe shi da sabon yaɓe, sai a ƙarni na 20 aka kankare aka fito da abin da ya rage. Idan wannan ya tafi, babu na biyu da za a ɗauko.

Masu goyon bayan miƙa komai sukan ce ai don addu'a aka yi zanen, ba don 'yan yawon buɗe ido ba, kuma hoton ibada da aka rufe a bayan gilashi ya mutu tun kafin ya lalace. Hujja ce mai nauyi, ita ce kuma ta yi nasara a 2023 lokacin da Shugaba Putin ya ba da umarnin a fitar da wani shahararren hoton ibada, wanda mai zanen zamanin da Andrei Rublev ya yi a kan katako, daga gidan tarihi na Tretyakov da ke Mosko a ba Coci, duk da ƙorafin masana cewa katakon ba zai jure ba. Abin da ya dame ni a nan shi ne yadda aka yanke hukuncin: daga sama, cikin yanayin da gwamnati ke buƙatar albarkar shugabannin Coci, aka tsallake waɗanda suka san lafiyar abin. A 2017 mutanen Saint Petersburg sun fito zanga-zanga da aka ce za a miƙa wa Coci babban cocin Ishaƙu da ke hannun gidan tarihi, har maganar ta shiririce. Yau da wuya a ga irin wannan fitowar.

Kuma Novgorod ba ta fama da ƙarancin wurin ibada. Sofiya na hannun Coci, gidan Yuriev na hannun Coci, ga wasu da dama a cikin gari da ake shiga kullum. Waɗanda ake magana a kansu 'yan ƙalilan ne, masu bangon da ba ya son numfashi. Tsarin da ya fi dacewa da su shi ne wanda aka riga aka saba: gidan tarihi ya riƙe makulli, ya auna laima, ya rufe ƙofa ranar da iska ta jiƙe, limami kuma ya zo ranar idin cocin ya yi addu'a da jama'a daidai gwargwado. Tun 1992 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan gadon duniya, sai dai takardarta ba ta tare hayaƙi, mai makulli ne ke tarewa.

Cocin Sofiya ma ya taɓa yin irin wannan sulhu a kan abinsa. Gicciyen da ke saman babbar ƙubbarsa, mai ɗauke da 'yar kurciya ta ƙarfe, ya faɗo a lokacin yaƙi, sojojin Sifen da ke taya Jamus faɗa suka tafi da shi ƙasarsu, ya shafe sama da shekara 60 a can. A 2004 aka dawo da shi. Ba a mayar da shi sama inda ruwa da ƙanƙara za su ci gaba da cinsa ba. Yana ajiye a cikin cocin, inda mai ibada da mai kallo duk za su tsaya a gabansa, wanda ke kan ƙubba kuwa kwafi ne.