Wai Birni Domin Jin Daɗi Aka Yi Shi

Aristotal, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, ya ce an kafa birni ne domin ɗan Adam ya yi rayuwa mai kyau. To don Allah a taso shi ya tsaya awa biyu a cunkoson motoci, na baya yana danna masa hon kamar yana da fukafukai! Shekara shida ina jin tarin maƙwabcina ta bango, amma sunansa? Oho. Na gaishe shi a matakala, ya dube ni kamar na zo cin bashi. Georg Simmel, Bajamushen masanin zamantakewa, tun 1903 ya ce ɗan birni yakan toshe zuciyarsa don kada hayaniya ta haukata shi. To na toshe, me ya hana hon ɗin shiga? Jama'a ko'ina maƙil, amma ka faɗi a titi sai dai a ɗauke ka hoto!