Yadda Na Tafi Yaƙi da Jahilci Na Dawo da Fensir

Laifin farko ba nawa ba ne, na takarda ne. Fom ɗin da aka ba mu a Birnin Kebbi da Turanci aka buga shi, kuma Bature kalma ɗaya tak gare shi ga abin da mu sai mun jera huɗu kafin mu faɗa: iya karatu da rubutu. Shi ya faɗi tasa ya wuce, mu muna nan muna jan jimla kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Gurbin da aka bari a fassara kuwa bai fi faɗin farce ba. Da na gwada cusa "wanda bai iya karatu da rubutu ba" a ciki ya ƙi shiga, sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zo wa mutum in wahala na kiransa. Gurbin dama na rubuta "mai ilimi". Na hagu na rubuta "jahili". Na ja baya na dubi aikina, na ji daɗi.

Lokacin shekarata biyu ke nan da gama NCE ina zaman kashe wando, sai aka ce ana neman masu koyar da manya. Ranar 8 ga Satumba aka tara mu bita, wato ranar da hukumar UNESCO ta ware tun 1966 don wannan sha'ani. Aka yi jawabai, aka raba shinkafa a roba, aka ce kayan aiki na nan tafe mako mai zuwa. A Disamba suka iso. Ni aka tura ni wani ƙauye tsakanin Aliero da Gwandu, daidai lokacin da hunturu ya buɗe baki kuma kowa hankalinsa na fadamar albasa.

Na fara da gaida mai gari, na zube na ce, "Ranka ya daɗe, aikin gwamnati ya kawo ni." Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kira sankira. Na yi wa sankira bayani dalla-dalla, har sau uku: gobe bayan la'asar za a fara yaƙi da jahilci a firamare, kowa ya zo. Ya ce ya ji, shekara talatin yana wannan aiki.

Bayan isha'i ina cin tuwo na ji muryarsa ta tashi daga bakin masallaci.

"Kuna jiya! Sarki ya gaishe ku! Gobe in an yi la'asar gwamnati za ta hwara yaƙi da jahilai! Kowa shi hallara hiramare!"

Lomar ta tsaya mini a wuya. Tsakanin jahilci da jahilai harafi ɗaya ne, amma harafin nan ya kwashe mini gari kaf. A zamanin nan da mutum ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba a wasa da kalmar yaƙi a ƙauye. Washegari na share aji, na jera benci, na rubuta a, ba, ca a allo. Ba wanda ya zo sai 'yan banga uku, ɗaya da gora, biyu da bindigar toka. Babbansu ya leƙa ajin, ya dube ni, ya ce, "Malam, jahilan su nawa na, kuma ta wace hanya za su ɓullo?"

Dole na ɗauki fom na shiga bi gida-gida. A nan na gane kalmomin da nake taƙama da su kowace da inda take kwana.

Wata tsohuwa mai fura na fara samu a zaurenta. Na gaishe ta, na ce, "Inna, kin iya rubutu?"

"Rubutu? Ina sha dai, ɗan nan. Ko jiya na sha na ciwon kai. Kai ma yi kakai?"

Na ce ba na sha ba, na biro. To karatu fa? Ta ce ta kai izu biyar aka yi mata aure, kuma akwai waƙoƙin wa'azi da ta haddace daga bakin kakarta, wadda ta yi zamani da jajis ɗin 'yan taru, matan nan da suka gaji tsarin Nana Asma'u na bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ta ja mini baiti biyu nan take ba gargada. Na dubi fom. Ba gurbin izu biyar. Na rufe ido na yi maki a hagu, na sayi furar ɗari biyu don zuciyata ta kwanta.

Wani dillalin albasa kuma na tambaye shi ko ya iya karatu, ya ce tun daga nesa yake karanta mutum, ya san mai saye ya san mai taya-ka-gudu. Don in fayyace, sai na ce, "Ina nufin, kana boko?" Nan fuskarsa ta canja. Ashe a bakin 'yan kasuwa boko shi ne ka jera manyan albasa a bakin buhu ka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Ya kama hannuna ya kai ni rumbu, ya zazzage buhu guda a gabana, ya ce in nuna masa bokon. Sai da na taya shi kwashewa. Kwana biyu rigata tana warin albasa.

Duk wannan sharar fage ce. Gangaran ɗin na gaba.

A ƙarshen gari akwai wani zaure mai toka tsibi a ƙofarsa, alamar makarantar allo. Ciki wani dattijo ne zaune kan buzu, gemu fari fat, tabarau ɗaure da zare, ga tawada a ɗan kurtu, ga alƙalumman kara a gefe. Yara sun tafi ɗebo kara. Wanda Allah ya ba hankali, da ya ga kurtu da alƙalami ai ya haƙura da tambaya. Ni kuwa aka ce mini a bita kada a tsallake kowa.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, an ce in tambayi kowa. Ka iya karatu da rubutu?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi. "Ina muka ga karatu, yaro? Mu ɗalibai na. Biɗa dai mukai."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan amsa. Haka malamai ke magana. Wanda ya ce maka bai san komai ba, ka gyara zama. Wanda ya ce ya sani, ka riƙe aljihunka. Na san da haka sarai. Amma hannuna ya riga ya saba da hagu, kafin kaina ya gama tunani biro ya yi aikinsa.

Fom ɗin yana kan gwiwata, kansa na kallona, wato shi a juye yake ganinsa. Ya ɗan miƙo wuya.

"Ja, hi, li," in ji shi, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "To. Mun gode."

Na ji gumi ya tsatso mini cikin hunturu.

"Kuma wanga wuri da kar rubuta kauye, ƙauye a kan ce. Ka mance lanƙwasa. Can ƙasa ma ka rubuta baki, ban sani ba ko na cin tuwo kaka nuhi ko masu zuwa gari."

Ashe tun yana saurayi, zamanin En'e, ya zauna ajin yaƙi da jahilci na asali, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta baza a shekarun 1950. Ya ce wata uku ya yi ya gane kan abin, don a cewarsa wanda ya sha fama da baƙi da wasali a allo, boko ba ta kai ta tsorata shi ba. Shi ke karanta wa mutanen gari Gaskiya Ta Fi Kwabo in an kawo ta daga Zariya, jaridar da aka fara tun 1939. Da hannunsa kuma ya rubuta Alƙur'ani, da ka, ba sau ɗaya ba. Duk wannan daga baya na ji shi a bakin mutane. Shi bai faɗa ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗaga gefen buzu ya zaro wata takarda ya miƙo mini.

"Tunda Allah ya kawo muna mai ilimi, karanta man wasiƙag ga. Idona ya yi rauni."

Ajami ce. Na ce a raina, ai na yi Islamiyya, baƙaƙen Larabci ba baƙina ba ne. Abin da ban lura da shi ba, mu da bugun Hafsi muka tashi, wannan kuwa hannun Warshu ne, rubutun Magaribi irin na tsangaya. A namu, harafi mai ɗigo ɗaya a sama fa ne, mai biyu ƙaf. A nasu, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake. Wa ya gaya mini?

Na gyara murya. Sallama ta wuce lafiya, don wannan ko makaho ya san da ita ake farawa. Daidai nan yara suka dawo da kara, suka zube shi, suka kewaye ni. Na ci gaba, ina bin layi da yatsa.

"Muna son... tahowa... amma... fura... ta hana motoci tahiya."

Shiru.

"Kuma jikin... Inna... ya yi... saufi."

Wani ɗan ƙolo da bai wuce shekara bakwai ba shi ya fara faɗuwa ƙasa. Sauran suka bi. Malam bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ikon Allah. Hura ta hana mota tahiya. Lalle bana an yi gero a Yawuri." Sannan ya miƙa wa ɗan ƙolon takardar, yaro ya share hawaye ya karanta tiryan-tiryan: ƙura ta hana motoci tafiya, jikin Inna ya yi sauƙi.

Na so in kare kaina. Na ce ai abin da gwamnati take nufi da karatu shi ne na boko. Ya ce to, shi bai ƙi ba. Sai dai yana so in gaya masa, Malam Abdullahin Gwandu, da kabarinsa ke nan kusa, wanda ya bar littattafan da har gobe ake karantawa a zauruka, ya rasu shekara tamanin kafin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, shi a wane gurbi zan sa shi, dama ko hagu? Na ce ba a ba ni fom ɗin mamata ba. Ya ce madalla, Allah ya rufa wa Malam Abdullahi asiri.

Ya tambaye ni ko akwai kuɗi a jikina. Na zaro dubu ɗaya, ina zaton tara ce. Ya nuna rubutun da ke jikinta ya ce mene ne wannan. Na ce Larabci ne. Ya ce Hausa ce tsantsa, Naira dubu, kuma tun 2007 da aka cire irinsa daga biyar da goma da ashirin da hamsin yake jin 'yan boko na gardama a rediyo kan abin da rabinsu ba su taɓa karantawa ba. Ya mayar mini da kuɗina. Na so a ce ya riƙe.

Da zan tashi ya ce in ara masa fom da biro, zai sa albarka. Ya soke makin da ke gaban sunansa, ya yi wani ɗan layi da ajami a can ƙasa, gurbin hagu, ya miƙo mini. Kunya ta hana ni tambaya. Na ɗauka addu'a ce, na ce amin.

Abin mamaki, shi ya cika mini aji. Ranar Juma'a bayan an sallame ya ce wa mutane yaron nan ba yaƙi ya kawo ba, a je a koyi karanta saƙon waya da takardar asibiti da sunan maganin feshi, a daina kai wa yara suna karanta wa mutum asirinsa. Mutum ashirin da bakwai suka zo, har da dillalin albasa da 'yan bangan nan uku. Na goge kanun fom ɗina da kaina, na rubuta "yana karanta boko" da "bai fara boko ba tukuna", na haɗa da gefen takarda don ya ishe ni.

Da suka fara haɗa baƙi, wata rana na ce kowa ya sa kalmar karatu a jimla. Dillali ya ce, "Karatu ba ya hana ciniki." Na ce da kyau. Wani ya ce, "Matata ta yi man karatu jiya kan kuɗin cehwane." Na ce wannan ma karatu ne, Allah ya ba da haƙuri. Babban 'yan banga ya daɗe yana fama da fensir, harshe waje, sannan ya miƙe ya karanta nasa da ƙarfi: "Malam ya iya karatu, amma hura ta hana shi tahiya."

Na ba shi maki goma. Jimlar ba ta da kuskure ko ɗaya, har waƙafi ya sa.

A ƙarshen wata na kai fom ofis na dawo. Bayan mako shida aka aiko kayan ɗalibai, kowa da ƙunshinsa da sunansa a jiki: littafin rubutu biyu, fensir, abin gogewa. Ina kiran suna ana amsawa, har na kai ashirin da bakwai. Saura ƙunshi ɗaya a kwali. Na ɗago shi, na ga sunana, har da na mahaifina, an buga da kwamfuta tsaf. Ashe akwai wani tsohon masinja a ofis da ya iya ajami, shi ya karanta wa mai buga sunaye layin nan na ƙasa.

Aji ya yi tsit ana jiran a ji mai shi. Na ce wannan na wani ne da bai samu zuwa ba. Dillalin albasa, wanda yanzu yake karanta duk abin da ya gifta gabansa har da jikin buhun taki, ya leƙo ta kafaɗata ya fara haɗawa da ƙarfi, harafi bayan harafi.

Alawus ɗina na wata uku har yau bai fito ba. Fensirin dai yana nan, da shi nake kwafar baƙaƙen Warshu bayan sallar asuba, a zauren Malam, layi na biyu, bayan ɗan ƙolon nan, wanda ya ce in na ƙara kiran ƙaf da fa zai kai ƙarata. Ko farata, in ji shi, duk wanda na fi ganewa.