Kujera ɗaya a motar Madani

'Yan'uwa, akwai maganar da na gaji da ji daga masu aiko mana da wa'azi ta WhatsApp daga gida Najeriya: wai Allah ne yake karya mu da wannan yaƙi na Sudan don ya gyara mu. Na san da kyakkyawar zuciya suke faɗa, amma ban yarda ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 aka fara harbi a Khartum, maƙwabtanmu Musulmi na cikin azumi, Kiristoci Kibɗawa kuma na shirin Ista washegari. Daga Bahri, wato Khartum ta Arewa, muka gudu Wad Madani. A watan Disamba dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Madani, muka sake cin ƙafa zuwa Gadarif. Shagona na gyaran janareta ya tafi, gidan haya ya tafi. Da wahala ce ke haifar karyayyar zuciya, da ban rubuta wannan ba, domin na sha ta har wuya amma girman kaina ko ƙwarzane bai yi ba.

Ga abin da na ɓoye. Ranar da za mu bar Bahri na samu mota da ƙyar. Akwai wani ɗan'uwa daga Duwatsun Nuba da muke sujada tare, na yi masa alkawarin zan kira shi in an samu wuri. An samu. Kujera ɗaya ta rage. Na ɗora ƙaramin janareta da akwatin kayan aikina a kanta, na kashe waya. Daga baya na ce masa layi ne ya ɗauke. Mako uku ya ƙara a can, ya fito da ɓaraguzan bam a cinya.

Fiye da shekara ni nake bi da addu'a a ƙaramar zumuntarmu. Ina karanta Zabura ina hawaye, mata na cewa ga bawan Allah mai tawali'u. Hawayen na shagona ne.

Ku duba Dawuda. Shekaru ya yi yana ɓuya a kogo, Saul na neman ransa, amma Zabura 51 ba a kogo aka haife ta ba. A fada aka haife ta, ciki a ƙoshe, bayan ya ɗauki Batsheba ya sa aka kashe Uriya a bakin daga, sai annabi Natan ya dube shi ya ce, "Kai ne mutumin." A nan ne ya gane cewa hadayar da Allah ba ya rainawa ita ce karyayyen ruhu da zuciya mai tuba. Uwar da ta binne ɗanta a tsakar gida a Omdurman don ba hanyar zuwa maƙabarta, tata ayar daban ce: Zabura 34:18, Ubangiji yana kusa da masu raunanniyar zuciya. Ita ba ta bukatar a ce mata ana gyara ta. A zauna kusa da ita, a miƙa mata ruwa. Haɗa waɗannan biyun zalunci ne, yana ɗora wa wanda aka cuta laifi, yana ba irina mafaka.

Hausa ma ta raba mana su. Karaya daban, karyewa a gaban Allah daban. Yahuza karaya ya yi, ya watsar da azurfa talatin, ya je ya rataye kansa. Bitrus, da zakara ya yi cara, fita ya yi ya yi kuka mai zafi, amma bai bar 'yan'uwa ba, har Yesu ya same shi a bakin Tekun Galili ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Dukansu sun ga muninsu. Ɗaya ya yanke wa kansa hukunci, ɗaya ya tsaya a gaban wanda ya ci amanarsa, hannu rabbana.

Nawa Natan ɗin tsohuwa ce Bahaushiya, Musulma, a nan Gadarif. Kakanninta a ƙafa suka zo ta hanyar hajji bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna. Ta san mu Kirista ne, ta ba mu rumfa a gidanta, ba ta taɓa karɓar sisi ba. Da garin Sinja ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024, wasu mutum takwas suka iso ƙofarta da dare, damina ta kankama. Ɗaki ɗaya ne ya rage, wanda take ajiye buhunan riɗinta, abin da za ta ci shekara da shi. Ta ce in taya ta fitar da su tsakar gida. Na ce, "Inna, ruwa zai lalata shi." Ta ce, "Ɗana, riɗi ba ya jin tsoro. Mutum ne ke ji."

Buhu na kan kafaɗata lokacin, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ba ta san komai game da janareta ba, kuma har yau ban ji wa'azin da ya ratsa ni kamar wannan ba.

A daren na kira ɗan'uwan nan da na bari a Bahri. Na faɗi komai, ban sa "amma" ko ɗaya ba. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Na sani. Direban ya gaya mini tun a watan." Shekara guda yana amsa gaisuwata yana sane.

Ran Lahadi na faɗa wa zumuntarmu, na sauka daga bi da addu'a. Wasu sun daina kallona kamar da, kuma ban ga laifinsu ba. Yakubu ma da ɗingishi ya bar mashigin Yabbok. Abin da ban zata ba shi ne Jibin Ubangiji. Shekaru ina jin "wannan jikina ne" kamar karatun allo. Ranar da aka gutsura gurasar aka miƙo mini bayan kowa ya san ko ni wane ne, da ƙyar na iya haɗiyewa.

Na sayar da janaretan, na tura wa ɗan'uwan kuɗin ta manhajar banki ta Bankak don maganin ƙafarsa. Ya karɓa. Bai ce ya yafe ba tukuna, ni kuma ba ni da bakin matsa masa. Jiya ya aiko da saƙo, yana tambaya ko Inna ta samu ta ceci riɗin. Buhu huɗu ne suka ruɓe.