Dattijo Ba Ɗan Aji Ɗaya Ba Ne

Wannan bidiyon ajin yaƙi da jahilci da ke yawo tun jiya, inda aka tsai da dattawa suna rera A, B, C, D da waƙar 'yan nazare ana tafa musu, wallahi ya ɓata min rai. Masu cewa "da babu gara ba daɗi" su yi haƙuri, wannan ba koyarwa ba ce. Nan da sati uku ajin zai watse, a dawo ana cewa manyan Katsina ba sa son karatu.

Dattijo ba ɗan aji ɗaya ba ne. Mutumin da ke auna hatsi a kasuwar 'Yar Kutungu ta Katsina, ya riƙe lissafin bashin mutum ashirin a ka, kai kuma ka zaunar da shi a kan bencin yara, gwiwarsa na taɓa haɓarsa? Da yawansu sun yi allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu ma suna rubuta wasiƙa da ajami. Sun san baƙi, sun san wasali, sun san haɗa su. Boko ne kawai bai zo hannunsu ba. Tun da aka cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50 a 2007, aka bi da naira 100 a 2014, irin waɗannan mutanen ake ta turawa gefe.

To ka fara daga abin da ya sani, da Hausa. Ranar farko ya rubuta sunansa, ya tafi gida da shi a takarda. Sai wasulla biyar: a, e, i, o, u. Sai gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Ka ɗauko kalma daga sana'arsa, kamar "taki", ka raba ta: ta, ki. Ka ƙara "fi", shi da kansa zai haɗa "tafi" da "kifi". Hausa kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, shi ya sa cikin 'yan makonni ake fara karanta gajeruwar jimla. Turanci bai da wannan sauƙin.

Za a ce ai Turancin ne suke buƙata a banki da asibiti. Na ji. Amma wanda bai iya haɗa baƙi a harshensa ba, ta yaya zai haɗa a harshen da bai ji? Yaƙi da jahilcin da aka yi a Arewa a shekarun 1950 da Hausa aka yi shi, ana buga ƙananan littattafai a Zariya, mutane na karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Turanci zai zo, amma a bayan Hausa.

Ga inda ake tuntuɓe. Hannun da ya saba da fartanya ko dutsen guga ya yi tauri, sai fensir mai kauri da littafi mai manyan layuka. Wanda ya yi allo hannunsa zai riƙa komawa dama, sai a sa masa ɗigo a gefen hagu inda zai fara. b da d suna rikita kowa, kada a koyar da su rana ɗaya. Masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, a nuna su da kalmomi biyu-biyu: kafa da ƙafa, baki da baƙi. Malamin da shi kansa bai sa lanƙwasa a allo, me zai koyar?

Aji kada ya wuce mutum 20. Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa. Mata tsakanin azahar da la'asar, a gidan da mazajensu suka yarda da shi, malama mace. Maza bayan isha'i, da fitila mai haske. Kada a sa darasi ranar kasuwa, kada a buɗe aji ruwa na sauka, gona za ta kwashe su. Kuma kada a taɓa tsai da magidanci a gyara masa kuskure a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Gobe ba za ka gan shi ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba.

Bayan an yaye su a ba su abin karantawa: saƙon waya, alat ɗin banki, katin rigakafin yara, rasit. In babu, karatun zai zube.

Af, ga wani abu da ba a kula da shi. Mutum in ya haura shekara 40, idonsa yakan daina ganin ƙananan rubutu a kusa. Ka ga tsohuwa tana miƙa littafi nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido, sai a ce ƙwaƙwalwarta ce ta toshe. Tabarau na karatu kawai take buƙata. Masu raba buhunan shinkafa da azumi, don Allah ku tambayi kuɗin tabarau guda 20.