Notin salansa ba ya son ƙarfin tuwo

'Yan'uwana masu babur a Legas, musamman ku na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, don Allah in notin salansa ya cije ku daina tsayawa a kan bakanike kuna cewa "Oga yi sauri, aiki na jirana." Wannan azalzalar ce ke karya ƙusar da notin ke ɗaure a kai, ba rashin iya aiki ba.

Babur ɗin da zai yi shekaru a Kano ko Sakkwato notinsa na kwancewa salin-alin, a nan damina ɗaya ta ishe shi. Iskar teku na ɗauke da gishiri, ga ruwan da ke kwanciya a titi muna kutsawa ciki da salansa da zafinta. Ta yi zafi ta huce, ta jiƙe ta bushe, har tsatsa ta haɗe noti da ƙusa su zama abu guda.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, ƙusoshi biyun da ke riƙe da wuyan salansa a Boxer ko TVS ƙarfe ne, amma kan injin da aka dasa su a ciki alminiyam ne, mai laushi. In yaron shago ya zura bututu a sifana ya taka da ƙafa, za ka ji "ƙas", rabin ƙusa ya rage a ciki. Daga nan sai wajen mai walda, ya ɗora wani noti a kan guntun ya liƙe, a murɗo shi. In kuwa ta karye can ciki, sai an huda, kuma hannu na karkacewa kaɗan an ɓata kan inji. Ina jin takaicin wannan sosai, domin mutumin da kullum sai ya kai wa mai babur balas, wato kuɗin da aka yanka masa, ne zai yi kwanaki ba aiki, tun ma ba yanzu ba da dokar 2022 ta hana okada, wato acaɓa, a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, wurin nema ya ƙuntata.

Ni abin da na yarda da shi: tun da dare a kankare tsatsar da burushin waya, a fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, ko a ɗiga kananzir, a bar shi ya kwana yana tsuma. Da safe a sa soket mai kusurwa shida da ya zauna daram, lamba 10 ko 12, ba sifana mai buɗaɗɗen baki da ke gwaguye noti ba. A ɗan bubbuga shi da guduma, a ɗaure kaɗan tukuna, sannan a sassauto. Ya motsa? A ƙara mai, a yi ta gaba da baya.

In ya ƙi sai wuta, amma a kan notin kaɗai, bayan an rufe fetur an kare tiyonsa. Alminiyam na narkewa a wajen digiri 660 a ma'aunin Celsius ba tare da ya yi ja ba, ba zai gargaɗe ka ba.

Kuma in an kwance, kada a mayar da tsohon noti. A sayi sabo, na tagulla in an samu, a canza gasket, wato zoben da ke toshe tsakanin wuyan salansa da kan inji, a shafa wa haƙoran ƙusar giris mai jure zafi kafin a ɗaure.