Ku tambayi wanda ya aikata kafin ku yaɗa labarin muhalli

Ƙannena matasa, ina jan hankalinku ga wata ƙaramar kalma da muke furtawa kullum ba tare da mun lura da aikin da take yi ba, wato “an”. Idan gidan rediyo ya ce an sare itatuwan daji, ko daji ya ƙare, ko ambaliya ta cinye gidaje, jimlar ta cika a nahawu, amma ta ɓoye hannun da ya riƙe gatarin da kuma jami'in da ya ba da izini. Daji ba ya ƙarewa da kansa.

Ku tuna watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri. Da yawa sun taƙaita bayanin da sauyin yanayi. Gaskiya ne damina ta yi ƙarfi a shekarar, amma ruwan wannan madatsa ya taɓa afka wa birnin a 1994, kuma mazauna kusa da ita sun daɗe suna kokawa kan tsagewarta. Wanda ya tsaya a kan kalmar yanayi kaɗai ya bar tambayar gyara da kulawa ba amsa, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin rayuka da dukiya ne suka salwanta.

Tallace-tallace ma haka suke. Kamfanin Volkswagen ya shafe shekaru yana tallata motocinsa masu amfani da dizal a matsayin masu tsafta, har zuwa 2015 da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano cewa an sanya musu na'urar da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Motocin da abin ya shafa sun kai miliyan 11. Koren ganye a jikin kwali ba shaida ba ce.

Sai batun dashen itatuwa, wanda hotunansa ke cika Facebook a duk farkon damina. Idan aka ce muku an dasa dubu ɗari, ku tambayi nawa ne suka ga damina ta gaba, da kuma wanda ya shayar da su a watannin bazara har ya kare su daga awaki. Ku gwada wannan da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, inda suka daina tumɓuke kututture a lokacin sharar gona, suka riƙa rage tohonsa suna barin masu ƙarfi, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a gonaki da faɗinsu ya kai hekta miliyan 5. Ba a yi bikin yanke ƙyalle domin wannan aiki ba, saboda haka ba kasafai kuke ganinsa a wayoyinku ba.

Malaman makaranta da na Islamiyya, ku ɗauki kanun labari ɗaya a mako, ku sa ɗalibai su sake rubuta shi da sunan mai aikatawa a farkon jimlar.