Abokan tafiya ai su ne gishirin gem ɗin

Na ga wani ya rubuta wai abokan tafiya a gem ɗin RPG (irin gem ɗin da kake zama jarumin labarin) ado ne kawai, haba malam, da gani ba ka buga Mass Effect 2 ba. Na 2010 ne fa amma har yau ina tuna yaƙin ƙarshe, na yi gaggawa ban tsaya na biya wa Tali, ɗaya daga cikin abokan tafiyata, buƙatarta ba, ai kuwa sai ga akwatin gawarta cikin jirgi, wallahi ajiye fad ɗin buga gem na yi na fita waje, ƙanena na ta min dariya wai ina makokin katun. Ita ko Lydia, abokiyar tafiyata a gem ɗin Skyrim, kullum ta tokare bakin ƙofa, na maida ta 'yar dako, amma ran da ta ɓace a kogo sai da na koma baya na nemo ta.